Dutsen da Ke Riƙe da Motar Ba Modu

Ku da kuke zaune a kan bencina kuna latsa waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Wai gyaran lagireto ai ba sana'a ba ce, a liƙe huji ne a zuba ruwa a sallami mutum. Madalla da ilimi! Ku lagireton zamaninku roba ce da gwangwani, in ya fashe a jefar a ɗaura wani, shi ya sa bakinku ke ƙaiƙayi. Ni Buba, da gemun nan ya yi fari a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, ina gaya muku rabin aikin nan ba na ƙarfe ba ne, na ruwa ne. Ruwa kuwa kowane gari da irin halin nasa.

Ranar da kawuna ya sauko da ni daga rugarmu ya damƙa ni a hannun Malam Sale mai dalma, na ɗauka wuta za a ba ni in fara narka ƙarfe. Sai mutumin nan ya miƙo mini guntun sabulu. Ya ce aikina ke nan: duk direban da ya tsaya, in je in tsiyayi ruwan jarkar da yake yawo da ita a mota, in wanke hannu, in zo in nuna masa. In ya ga kumfa ta tashi, sai ya ce wa direba ya zauna ya sha shayi, yanzu za a gama. In kuwa sabulu ya ƙi, ya tsinke ya yi gudaji-gudaji a bayan hannuna, sai ya ce, “Malam, je ka nemi wurin kwana.” Ni da na taso cikin shanu na san nono in ya tsinke, amma ban taɓa sanin ruwa ma yana yi wa sabulu haka ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina nan ina wankin hannu. Duk Tarauni babu wanda ya kai ni tsabtar hannu, babu kuma wanda ya kai ni jin haushi.

Sai daga baya na gane abin da yake dubawa. Akwai ruwa mai sauƙi, akwai mai nauyi, wanda muke cewa mai zartsi. Ka zuba su a kofi, duk fari ne tas, duk daga famfo suka fito. Amma mai nauyin yana ɗauke da farar ƙasa narkakkiya wadda ido ba ya gani. Da ya ji zafin inji sai ya sauke kayansa a cikin 'yan siraran bututun lagireto, ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mu dutse muke ce masa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanya ta toshe, ruwa ya kasa zagayawa, mota ta hau tafasa a tsakiyar daji.

Ruwan famfon Kano, ranar da ya ga dama ya zo, yana da sauƙi, sabulu na son sa. Rijiyoyin nan na bayanmu, wajen Ƙauyen Alu, sun fi shi nauyi. Motocin da ke hawa kudu wajen duwatsu, nasu ruwan sakayau ne, sai dai ya bar tsatsa ja. Amma in mota ta fito daga gabas, to, ka gyara zama. Ba zan kama sunan gari ba, ina da surukai a hanyar. Kuma ba laifin kowa ba ne, ƙasar da ruwan ya ratso ce haka.

Aikin farko da Malam Sale ya sakar mini na wata tifa ce mai ɗibar yashi. Na hura fitilar wuta, na bi bakin tankin sama a hankali har dalma ta saki, na ɗaga shi. Kai! Bututun nan duk sun cika, fari fat. Na ɗauko tsinke, wato siririn ƙarfen nan da muke zarewa daga tsohuwar waifar goge gilashin mota, na riƙa zura shi ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi masa ƙarfi. Ka danna da fushi ka huda, ka ji tsoro ka bar dutse. In ka gama ka mayar da tanki ka bi shi da dalma, ka toshe bakuna, ka tsoma shi a baho, ka ba shi iska da famfon keke. Inda ka ga ruwa na ɓulɓul, nan ƙaryarka take. Kayan aikin ke nan duka: fitila, tsinke, dalma, baho, famfon keke. Ga su can a lungu, sun girmi uban wanda ya yi maganar ɗazu.

Direbobi kuwa, Allah ya shirye su, kowanne likita ne a hanya. Wani in lagireto ya fara ɗiga sai ya fasa masa ɗanyen ƙwai. Wani barkono, wani garin taba. Akwai wani da ya zo mini daga tashar Unguwa Uku yana rantsuwa bai zuba komai ba, ruwa ne zalla. Ina ɗaga tanki sai ga abu kore shar yana yauƙi yana bin hannuna. Garin kuka ne ya ɗura. Na ce, “Alhaji, miya ta yi, a ina ka baro tuwon?” Bai yi dariya ba, amma duk wanda ke wurin sai da ya riƙe ciki.

Akwai doka guda da Malam Sale ya bar mini kafin Allah ya karɓi abinsa, ita ce ba ku sani ba. Tsohon lagireto ba a wanke shi tas. In ƙarfe ya tsufa ya cinye, dutsen da ke shaƙe shi shi ne kuma ke riƙe da shi. Ka buɗe masa hanyar numfashi kawai, sauran ka ƙyale. Dokar nan ce ta haɗa ni da Ba Modu.

Ba Modu Babarbare ne, dogo, baƙi, da tsagarsa reras. Ni kuma Bafillace, kun san abin da ke tsakaninmu da su. Tun daga nesa zai ƙwala mini kira, “Kai Fulata, bawana, ka ci abinci kuwa ko har yanzu nonon ne?” Ni kuma in ce bawa ba ya gaida ubangidansa a tsaye. Yana da wata tsohuwar kiya-kiya, irin ƙaramar bas ɗin nan da injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Da ita yake jigila daga Unguwa Uku zuwa garinsu can gabas, tun ina wankin hannu. Duk zuwa sai ya cika jarkoki a famfon ƙofar gidansu, shi yake sha, shi motar ke sha. Lagiretonta in na ciro, sai na yi nishi kafin in ɗaga. Nakan ce masa, “Ba Modu, mutanen garinku ba shan ruwa suke ba, tauna shi suke.” Shi kuma ya rantse duk duniya babu ruwa mai daɗin nasu, bakin Fulani ne ya lalace. Nakan buɗe mata 'yan bututu kaɗan in mayar, ta ci gaba da tafiyarta.

Sai muguwar shekara ta zo, ƙarshen mulkin soja. Mai ya ɓace. Layin gidan mai ya taso daga shataletale ya miƙe har gaban rumfata, mutane na alwala suna salla a gefen motocinsu. Motar da ke tsaye kuwa ba ta tafasa, wadda ba ta tafasa ba ta san hanyar wurina ba. Wallahi na ji jiki. Ni da nake gyaran tifa na koma liƙin butar shayi da gindin fitilar ƙwai. Wata mata har langar miya ta aiko mini, na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Da aka buga gangar siyasa sai tasha ta ɗan farfaɗo, don 'yan takara na ɗaukar bas-bas su kai mutane taro. Ba Modu yana da ɗa, Bukar, magidanci ne mai hankali, kada ku ji labarin nan ku ɗauka mutumin banza ne. Ya bi wani ɗan takarar ciyaman na wata ƙaramar hukuma, Allah ya sa suka ci. Shi abin da ke damunsa, ubansa ya tsufa a kan sitiyari, motar kuma ta zama abin nuni. Sai ya ce bari ya yi abin kirki. Ya faki idon tsohon, ya ɗauki motar ya kai ta aka yi mata fenti. Daga nan ya biya wajen wani sabon shiga da ya buɗe rumfa a lokacin, mai wanke lagireto da asid, wanda ke cika baki wai kafin ka gama cin rake ya gama. Ya kuwa gama. Dutsen shekara da shekaru ya narke ya bi kwata.

Da igiya aka jawo ta wurina. Na tsoma lagireton a baho na ba shi iska, sai bahon gaba ɗaya ya ɗauki ɓulɓul. Na ɗaga shi sama, ina hango rana ta cikinsa. Ƙarfen ya zama ɓawon albasa. In ka kai masa wuta ka liƙe huji ɗaya, biyu su buɗe a gefensa. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa ina neman irinsa, wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko gidan tarihi zan buɗe.

Da na dawo na tarar da uba da ɗa a kan bencin nan da kuke kai. Bukar ya durƙusa yana magana a hankali.

“Baba, ka yi haƙuri, kuskure na yi. Amma wataƙila alheri ne. Na yi magana da 'yan gwangwan za su ɗauke ta. Kuma na samo maka wuri a sabon gidan ciyaman a Daurawa. Ana neman dattijo mai amana a bakin ƙofa. Inuwa ce, da kujera, da abinci. Na ce kada a ba kowa, naka ne.”

Na dubi Ba Modu. Sai da na ji tausayi ya kama ni.

“Maigadi,” in ji shi. “In tashi in buɗe wa wani ƙofa ya wuce da mota, ni ina tsaye ina ɗaga masa hannu?”

“Baba, hutu ne.”

“Wanda ya gaji shi ake ba hutu. Na ce maka na gaji?”

Aka yi ta ja, har shugabannin tasha suka shiga. A ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya. Ranar rantsarwa ana bukatar motar da za ta je ƙauyen su ciyaman ta ɗauko mahaifiyarsa da 'yan uwanta. In motar Ba Modu ta je ta dawo da su ba ta mutu a hanya ba, Bukar ya cire bakinsa har abada. In ta mutu, 'yan gwangwan su ɗauka, tsoho ya hau kujerar gadi. Bukar ya yarda da sauri, don shi ma ya ga hasken ranar da na hango ta cikin lagireton.

Da suka watse Ba Modu ya juyo gare ni. “To, Fulata, yau zan ga ko kana da amfani.”

Na ce manyan hujin zan iya lallaɓa su da dalma. Ƙananan kuwa, waɗanda suka fi gashin kai yawa, magani ɗaya ne: a mayar wa lagireto dutsensa. A ɗura masa ruwa mafi nauyi da zafinsa, ya riƙa tsattsafowa ta hujin yana bushewa, farar ƙasa na taruwa, har ta toshe su da kanta. Ban taɓa yi ba, ban taɓa jin wanda ya yi ba. Na dai sha ganin tsohon lagireto ya warkar da ɗigonsa da farin gemu a gefe.

Mutumin nan da motarsa ke bakin kabari, sai na ga haƙoransa sun bayyana.

“Wane irin ruwa ka ce kana so?”

“Mai nauyi.”

“Na wane gari?”

Na gane inda ya dosa, so yake in ce na garinsu. Ya ce wallahi ba zai aika a kawo ko cokali ɗaya ba sai na je tasha na roƙa da bakina a gaban jama'a. Na ce motarka ce fa, ba tawa ba. Ya ce ya sani, amma irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu.

Na je. Ashe na tono wa kaina aiki. Da direbobi suka ji ana neman ruwan da ya fi kowanne muni, sai gardama ta ɓarke. Mutanen da shekara da shekaru kowa ke rantsuwa ruwan garinsu ya fi zuma, yau kowa na rantsuwa nasu ne ya fi lalacewa. Wani ya ce a garinsu wake kwana yake a wuta bai nuna ba. Wani ya ce wannan wasa ne, su a garinsu mace takan ƙarar da sabulu guda a kan ɗankwali. Wani daga kudu ya sa baki, aka ce ya rufa wa kansa asiri, ruwansu na jarirai ne. Ya ji haushi ƙwarai, har ya daina gaishe ni.

Cikin 'yan kwanaki rumfata ta cika da jarkoki, kowace da sunan garinta a jiki. Aka sa rana, tasha ta taso ta zo kallo. Na jera kwalabe, na zuba wa kowace ruwan gari guda, na kankare sabulu daidai wa daida na jefa, na ba wani dattijon kamasho ya girgiza don kada a ce na yi son kai. Na Kano ya yi kumfa har wuya, aka yi masa ihu. Na kudu ya fi shi, mai shi ya sulale ya bar wurin. Aka yi ta zubar da su har saura biyu, na garin su Ba Modu da na wani gari maƙwabcinsu. Na maƙwabtan ya ɗan yi wata 'yar kumfa a gefe, abin kunya. Na su Ba Modu kuwa ko ɗigo. Sabulun ya tsinke ya kwanta a ƙasan kwalba.

Tsohon nan ya cire hula ya jefa sama, ya taka rawa a bakin titi. Ya ɗebo ruwan a kofi ya miƙo mini, ya ce sai na sha na yaba. Na sha. Harshena ya yi kamar na lashi bango. Na ce, “Ruwan garin su ubangidana Ba Modu, babu irinsa.” Gaskiya na faɗa, ai babu irinsa.

Daga nan aiki ya koma kaina. Babu man da za a ƙona a inji, don haka na jingina lagireton a kan duwatsun murhu, na sa garwashi kaɗan a nesa da shi. In tafasa ruwan a tukunya, in ɗura, in zauna ina kallo yana zufa. In ya tsane ya bushe, in sake. Direbobin gabas suka ɗauki abin kamar na gidansu, kowa ya dawo sai ya sauke mini jarka. Maƙwabta suka fara tambaya ko na koma sayar da dafaffen ƙarfe. Ba Modu kullum yana nan a kaina, wai yana gadin bawansa kada ya sha ruwan. Makon farko ban ga komai ba, ga shi in abin ya ƙi, ni zan kalli tsohon nan in gaya masa. Sai wata safiya na ga wani lungu ya yi fari ya bushe. Daga nan farin ya riƙa yaɗuwa. Ana gobe rantsarwa na tsoma shi a baho na ba shi iska a hankali, ina salati. Ruwa ya tsaya cik.

Amma na san abin da na yi. Dutse ba ya zaɓen inda zai zauna. Ya toshe huji, ya kuma ƙuntata hanya. Na ce wa Ba Modu motar nan ba za ta yi ɗigo ba, amma za ta yi zafi kamar gidan burodi. Ya ce in ɗauko buta in shiga, tare za mu.

Da sassafe muka isa ƙauyen lafiya, don hanya babu kowa, iska na shiga. Aka fito da mahaifiyar ciyaman, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, mata biyu na riƙe da ita, tana tafiya a duƙe saboda ciwon ƙugu. Don girmamawa aka ɗora ta a kujerar gaba. Kujerar gaba kuwa, na gaya muku, a kan inji take. Na buɗe baki zan yi magana, Ba Modu ya taka mini ƙafa. Sauran mata suka cika baya da ƙullin kayansu, ni na maƙale a bakin ƙofa da buta da jarka.

Tun kafin mu hau kwalta na fara jin zafi na tasowa daga ƙasa. Allurar zafi ta wuce rabi ta tsaya tana tunani. Na leƙa fuskar Inna. Ta jingina, ta rufe ido, zufa na bin wuyanta. Na raɗa wa Ba Modu, “In muka dafa uwar ciyaman, ba gadi ba, gidan yari za mu.” Ya ce in rufe masa baki, Fulani ba su iya komai ba sai tsoro.

Muna shigowa gari muka faɗa cunkoso, nan daidai Gyaɗi-Gyaɗi, ina hango rumfata. Duk wanda ke da mota a Kano ya fito ranar, ga masu kiɗa, ga 'yan acaɓa da tutoci. Mota ta koma tafiyar kunkuru, iska ta daina shiga, allura ta doshi ja. Dole a ƙara ruwa, murfin kuwa yana ƙarƙashin Inna. Na durƙusa na ce, “Inna, don Allah ki ɗan ɗaga, za mu duba inji.”

Ba ta ko buɗe ido ba. “Ɗan nan, ko gobara ce ba zan tashi ba.”

Na sake roƙo, matan baya suka taya ni, ta ce duk wanda ya taɓa ta sai ta haɗa shi da ɗanta. Ba Modu ya dube ni. Ya ce, “Buba.” Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Na diro da buta. Na zagaya gaban motar, na duƙa, na riƙa watsa wa lagireton ruwa daga waje ta ƙasan hancinta. Mota na matsowa, ina ja da baya ina watsawa, tururi na tashi yana rufe ni. In buta ta ƙare in miƙa ta taga, matan su cika mini. Jama'a suka ga dattijo da gemu yana tafiya da baya a gaban motar uwar ciyaman, yana yayyafa ruwa, bakinsa na motsi. Ni zagin Barebari nake, su suka ɗauka addu'a ce. Sai ga mutane na cewa a ba malam hanya. Wani ya tara hannu wai in ɗan zuba masa ya shafa. 'Yan acaɓa suka shiga gaba suna kore motoci. Da baya na taka tun daga nan har muka fita daga cunkoson, injin nan yana ta nishi amma bai ɗauke ba.

Muka isa filin rantsarwa. Bukar na tsaye a bakin shiga cikin sabuwar shadda, ya ga motar, ya gan ni jiƙe sharkaf. Aka zo da mata biyu za su sauko da Inna. Ta ture hannunsu. Ta sauko da kanta, ta tsaya, ta miƙe sak, ta dafa ƙugu tana murza shi. Ta ce rabon da bayanta ya saki haka tun kafin a haifi autanta. An kai ta asibiti, an yi mata ƙaho, an yi gashi da tawul, babu abin da ya ratsa ƙashin sai kujerar nan.

Da aka gama taro, ciyaman da kansa ya zo ya buɗe mata ƙofar wata doguwar mota mai sanyi. Ta leƙa, ta ji sanyin, ta ja da baya.

“Wannan ai ita za ta ƙarasa ni. Ina direbana?”

Ta ce daga yau duk inda za ta, asibiti ne, biki ne, ƙauye ne, motar dattijon nan ce za ta kai ta, kuma kada wanda ya kuskura ya gyara mata kujera. Ciyaman ya dubi motar, ya dubi uwarsa. Mutumin da ya gama rantsuwa a gaban dubban jama'a ya ce, “To, Inna.”

Haka muka kama hanyar Daurawa, kiya-kiyar Ba Modu a gaba tana tururi, manyan motoci na bin ta a baya a hankali, don babu mai ikon wuce uwar ciyaman. Muka iso sabon gida, ƙaton ƙyaure a rufe. Aka tsaya. Aka yi hon, shiru. Babu maigadi, don kujerar an ajiye wa wani, an hana kowa.

Motoci suka yi layi har bakin titi, manya na leƙowa ta taga. Can sai na ga an buɗe wata mota a baya, Bukar ya fito da gudu, yana tattare shaddarsa. Ya zare sakata, ya sa kafaɗa ya tura ɓari ɗaya, ya dawo ya tura ɗayan. Ya koma gefe ya tsaya yana haki.

Hanya ta buɗe, ko tirela za ta shige. Amma Ba Modu bai motsa ba. Ya gyara hularsa, ya danna hon mai tsawo, sannan ya leƙo da kansa ta taga.

“Yaro, ba a ɗaga wa direba hannu ne a gidan nan?”

Bukar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, dariya ta ci ƙarfinsa. Ya ɗaga hannu sama. Tsohon ya sa giya, muka shige.